Idan Gwajin Palu Bai Nuna Komai Ba: Yadda Ake Gano Sauran Cututtukan da Sauro ke Yaɗawa

A mafi yawan gidajen Yamai da Tawa, da zarar jikin mutum ya yi zafi a lokacin damina, abin da kowa yake kawowa a ransa shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda a asibiti ake ce wa palu, kuma sau da yawa zaton yakan zama gaskiya. Wahalar tana farawa ne a ranar da aka ɗiga jinin yatsa a kan abin gwajin gaggawa na TDR, aka jira minti 15 zuwa 20, layi ɗaya kaɗai ya fito, ma'aikacin lafiya ya ce babu palu, alhali mara lafiya yana kwance yana fama da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. A irin wannan hali wasu sukan wuce kantin magani su sayi maganin palu duk da haka, wasu kuma a ce musu taifot ce, a ɗora su a kan magani na kwana da kwanaki. Ba kasafai ake tuna cewa sauro yana ɗauke da wasu cututtuka na dabam ba, waɗanda ƙwayarsu bairos ce. Ƙwayar palu ana ganin ta da madubin likita a cikin ɗigon jini, kuma tana da magani sananne da ke kashe ta. Bairos kuwa madubin likita na yau da kullum ba ya ganin sa, maganin palu ba ya taɓa shi, maganin taifot ma haka. Gano shi yana da hanyarsa, kuma rabin hanyar yana hannun iyalin mara lafiya tun kafin a bar gida.

Waɗanda suka fi kusa da mu guda huɗu ne. Na farko shi ne dengi, wanda a shekarar 2023 ya yi ɓarna mai yawa a Burkina Faso, musamman a Wagadugu da Bobo Julaso, inda ya kashe mutane fiye da 700. A Nijar an tabbatar da shi a Yamai cikin watan Agusta na 2022, a jikin wani matafiyi da ya dawo daga ƙasar Kyuba. Na biyu shi ne shawarar sauro, mai sa ido ya yi ruwan ɗorawa, wadda ake yi wa yara allurar rigakafinta suna da wata 9, ake kuma neman katinta mai ruwan ɗorawa a hannun maniyyata da sauran matafiya. Na uku shi ne cikungunya, wadda aka fara ganowa a Tanzaniya a 1952, kuma a 2020 ta kwantar da dubban mutane a garin Abeshe na ƙasar Cadi. Waɗannan ukun sauro iri ɗaya ne yake yaɗa su a birane, wato Aedes, ɗan ƙarami baƙi mai ratsin fari a ƙafafu, wanda yake cizo da rana, musamman da sassafe da kuma bayan la'asar zuwa magariba, lokacin da babu wanda yake cikin gidan sauro.

Na huɗu shi ne wanda mutanen jihar Tawa ba su manta da shi ba, wato zazzaɓin kwarin Rift. Cuta ce ta dabbobi da aka fara ganowa a cikin tumaki a ƙasar Kenya a 1931. A daminar 2016 ta ɓulla a yankin Cintabaraden da Tasara, kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga 2 ga Agusta zuwa 22 ga Satumba na wannan shekara mutum 64 ne suka kamu, 28 daga cikinsu suka rasu, mafi yawansu makiyaya. Cibiyar Pasteur da ke Dakar ce ta tabbatar da cutar daga jinin da aka aika mata. Sauro yana yaɗa ta a tsakanin dabbobi, wani lokaci ya kai ta ga mutum, amma mafi yawan mutanen da suke kamuwa ta hanyar jini da naman dabba mara lafiya suke samun ta, ko ta taɓa ɓarin da tunkiya ko saniya ko raƙuma ta yi, ko ta shan madarar da ba a tafasa ba. Bayan waɗannan akwai zika, wadda haɗarinta ya fi yawa a kan ɗan tayin da ke ciki, da zazzaɓin Yammacin Nilu, wanda sauron kwata yake ɗaukowa daga tsuntsaye, kuma a mafi yawan mutane ba ya nuna wata alama.

A kwanakin farko duk waɗannan cututtuka suna kama da juna, suna kuma kama da palu: zazzaɓi mai zafi da ya zo kwatsam, ciwon kai, ciwon jiki, kasala, tashin zuciya. Akwai alamun da suke karkatar da zato, kamar ciwon bayan ƙwayar ido da ƙananan jajayen ƙuraje a dengi, ko ciwon wuyan hannu da idon sawu da yatsu mai hana miƙewa a cikungunya, amma babu likitan da zai iya rantsuwa a kan alama kaɗai. Gwaji ne yake raba gardama, shi kuma gwajin yana da lokacinsa.

Ƙidayar kwanaki

Abu na farko da ya kamata a yi, tun ranar da jiki ya yi zafi, shi ne a rubuta ranar a takarda ko a waya, a kuma rubuta ko da safe ne ko da dare. Wannan ranar ita ce rana ta ɗaya. Na sa wannan a gaba da komai ne domin a ganina shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi, alhali duk zaɓin gwajin da likita zai yi a kansa ya dogara. Idan aka tambayi mai jinya yaushe ciwon ya fara, ya ce “ya kwana biyu”, bai taimaki likita da komai ba, domin kwana biyun Bahaushe yana iya zama kwana uku, yana iya zama mako biyu.

Dalilin muhimmancin ƙidayar shi ne cewa bairos ba ya daɗewa a cikin jini. A dengi, daga ranar da zazzaɓi ya fara zuwa kwana 5, wani lokaci zuwa 7, ƙwayar tana yawo a jini, kuma a wannan lokaci ana iya kama ta kanta. Daga nan sai ta ɓace, abin da yake saura shi ne sinadaran kariya da jiki ya ƙera domin yaƙarta. Abin ya yi kama da ɓarawon da ya shiga gida: a daren farko ana iya kama shi da hannu, amma bayan gari ya waye sai dai a bi sawunsa. Gwajin da ake kira PCR, da wanda ake kira NS1, su ne masu kama ƙwayar tana nan. Gwajin IgM da IgG su ne masu duba abin da ta bari. Wanda aka yi wa gwajin IgM a rana ta biyu zai iya samun sakamakon “babu” alhali yana ɗauke da cutar, saboda jikinsa bai kai ga ƙera sinadarin ba tukuna. Wanda kuma aka yi wa PCR a rana ta goma zai iya samun “babu” saboda ƙwayar ta riga ta bar jinin. Dukansu biyu za su koma gida da takardar da ba ta yi ƙarya ba, amma kuma ba ta amsa tambayar da ta kai su ba.

Tare da ranar, a auna zafin jiki da ma'auni safe da yamma idan akwai shi a gida, a rubuta. A rubuta duk maganin da aka sha, har da na gargajiya, da sunansa da lokacin shansa, ko a ɗauki kwalinsa a tafi da shi.

Abin da za a faɗa wa likita

Layi a asibiti yana da tsawo, musamman a watan Agusta da Satumba, kuma ma'aikacin da ya ga mutum sittin tun safe ba lallai ne ya yi kowace tambaya ba. Saboda haka ya kamata mai jinya ya shirya bayaninsa tun daga gida, ya faɗa ko ba a tambaye shi ba. Mahaifin da ya kawo ɗansa yana iya cewa: “Ranka ya daɗe, zazzaɓin ya kama shi ranar Talata da yamma, yau kwana huɗu ke nan. Ya dawo daga Wagadugu mako ɗaya kafin ya kwanta. Ba mu ba shi komai ba sai parasitamol. Ga katin rigakafinsa.” A cikin wannan ɗan bayani likita ya samu kusan duk abin da yake buƙata domin ya zaɓi gwaji.

Tafiyar da ta fi muhimmanci ita ce ta makonni biyu kafin fara ciwo, domin dengi yana ɗaukar kwana 4 zuwa 10 daga cizo zuwa bayyanar zazzaɓi, shawara kwana 3 zuwa 6, zazzaɓin kwarin Rift kwana 2 zuwa 6, cikungunya kuwa galibi kwana 4 zuwa 8. Direban babbar mota da ɗan kasuwa da ɗalibin da ya dawo hutu da wanda ya dawo daga Umara duk su ambaci inda suka fito, domin ana samun dengi a Jidda da Makka. Amma rashin tafiya ba ya wanke mutum, tunda sauron Aedes yana nan a unguwanninmu, kuma ya isa ya ciji matafiyi mai ɗauke da ƙwayar, bayan kwana 8 zuwa 12 ya zama mai yaɗa ta har ƙarshen rayuwarsa. Don haka a faɗa idan akwai wasu a gidan ko a maƙwabta da suka kwanta da irin wannan ciwo, gwajin palu bai nuna musu komai ba.

Ga mutanen karkara da mahauta da masu aiki a mayanka da likitocin dabbobi, tambayar dabbobi ta fi ta tafiya nauyi. Idan a garke tumaki ko awaki ko shanu sun yi ta ɓari a jere, ko ƴan raguna suna mutuwa da yawa, ko mara lafiya ya yanka dabbar da ta kusa mutuwa domin kada ta yi mushe, ko ya taimaki dabba wajen haihuwa da hannu babu safa, dole ne a faɗa. Na san makiyayi yakan ji tsoron kada maganar ta kai ga hana shi sayar da dabbobinsa, kuma tsoron ba na banza ba ne, amma ɓoye wannan labari yana iya sa a yi kwanaki ana maganin palu alhali hanta ce take lalacewa. Mace kuma ta faɗa idan tana da ciki ko tana zaton akwai shi.

Gwaje-gwajen da kansu

Kowane irin zato ake yi, gwajin palu shi ne na farko, kuma babu wanda ya kamata ya ƙi shi, domin palu tana kashewa cikin sauri, tana kuma da magani. Idan TDR bai nuna komai ba amma zazzaɓin ya ci gaba, daidai ne a sake shi ko a duba ɗigon jini da madubin likita bayan kwana ɗaya. Akwai kuma wani tarko ta ɗaya ɓangaren. Mafi yawan TDR suna gano wani sinadari ne na ƙwayar palu wanda yake iya zama a jini har makonni bayan an warke, sannan a lokacin damina mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar palu ba tare da ita ce take kwantar da su ba. Wato layi biyu a TDR ba ya nufin babu dengi. Wanda aka ba maganin palu na kwana uku, ya sha yadda aka ce, amma zazzaɓi bai sauka ba, ko wasu sababbin alamu suka bayyana, ya koma asibiti ya faɗi haka. Game da gwajin Widal da ake dogara da shi wajen cewa taifot ce, ya kamata a sani cewa a wurare irin namu yana nuna “akwai” a jikin mutane da yawa da ba su da taifot, don haka shi kaɗai bai isa ya rufe bincike ba.

Gwaji na biyu shi ne ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda a takardar asibiti ake rubuta NFS, kuma ana yin sa a manyan asibitocin Yamai da babban asibitin jiha na Tawa da ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Ba ya faɗin sunan cuta, amma a dengi yana da amfani ƙwarai. Abubuwa uku likita yake dubawa. Fararen ƙwayoyin jini sukan ragu a dengi, alhali a cututtukan bakteriya da yawa ƙaruwa suke yi. Ƙananan ƙwayoyin da suke tsayar da jini idan an ji rauni, waɗanda a jikin mai lafiya suke tsakanin 150,000 da 400,000, sukan faɗi, kuma faɗuwarsu ƙasa da 100,000 alama ce ta a sa ido. Na uku shi ne kaurin jini, wanda yake hawa idan ruwan jini ya fara tsiyaya daga jijiyoyi zuwa cikin ciki da ƙirji. Hawan kaurin jini tare da saurin faɗuwar ƙwayoyin tsayar da jini shi ne abin da likitoci suka fi tsoro, shi ya sa sukan ce a sake NFS kowace rana daga rana ta uku har zuwa kwana biyu bayan saukar zazzaɓi. Iyali sukan ga kamar ana son cin kuɗinsu ne, amma sakamako ɗaya ba ya nuna inda aka dosa, sai an gwama na jiya da na yau. A lura kuma cewa palu ma tana rage waɗannan ƙwayoyi, don haka raguwarsu kaɗai ba hujjar dengi ba ce. Idan ido ya yi ruwan ɗorawa, ko ana zaton shawara ko zazzaɓin kwarin Rift, ana ƙara gwajin hanta da na ƙoda.

A ƙananan asibitocin da babu na'ura, akwai wata dabara da ma'aikaci yake iya yi da abin awon hawan jini. Yana hura shi zuwa tsakiyar awon sama da na ƙasa, ya bar shi minti 5 a dantse, sannan ya ƙirga ƙananan jajayen ɗigogin da suka fito a fata cikin murabba'i mai faɗin santimita 2.5. Idan sun kai 10 ko fiye, zaton dengi ya ƙaru. A baƙar fata ganin ɗigogin yana buƙatar haske mai kyau, kuma rashin fitowarsu ba ya kore cutar.

Sai gwaje-gwajen da suke ambaton cutar da sunanta. Na dengi akwai na gaggawa mai kama da TDR, wanda galibi yake da tagogi biyu, ɗaya ta NS1, ɗaya ta IgM da IgG. Idan NS1 ya nuna a makon farko, hujja ce mai ƙarfi cewa dengi ne yanzu. IgM yana fara bayyana ne daga rana ta 4 ko ta 5, kuma yana iya zama a jini kimanin wata 3, don haka bayyanarsa tana nufin an kamu kwanan nan, ba lallai wannan makon ba. IgG shi kaɗai yana nufin an taɓa haɗuwa da ƙwayar a wani lokaci a rayuwa, ko da shekaru ne da suka wuce, kuma kuskure ne a ce wa mutum yana da dengi saboda shi. Sai dai labarin yana da amfani ta wata fuska: dengi iri huɗu ne, wanda ya warke daga ɗaya bai tsira daga sauran ukun ba, kuma kamuwa ta biyu ta fi yawan yin tsanani.

PCR ya fi dukansu tabbaci, domin yana neman tsatson halittar bairos ɗin kansa, yana kuma iya bambance dengi da cikungunya da zika da zazzaɓin kwarin Rift, har ya faɗi wane irin dengi ne. Yana buƙatar na'urori da ƙwararru, don haka ba a kowane asibiti ake yin sa ba. A Yamai cibiyar binciken lafiya ta CERMES, wadda take cikin ƙawancen cibiyoyin Pasteur, tana daga cikin wuraren da ake aika irin wannan jini. Hanyar da ta dace ita ce ta hannun likita, wanda zai cika takardar bayani ya sanar da jami'in sa ido kan annoba na gundumar lafiya. Wanda yake Tawa ko Abalak ko Cintabaraden ba sai ya ɗauki mara lafiya zuwa Yamai domin gwaji ba, jinin ne yake tafiya. Ana ɗibar sa daga jijiya, a ware ruwansa, a ajiye cikin sanyi na digiri 2 zuwa 8 idan zai isa cikin kwana biyu ko uku, ko a daskarar da shi idan zai daɗe, a kuma naɗe shi ninki uku domin kada ya zube a hanya. Jinin da ya wuni a zafin mota yana iya lalacewa, ya rasa amfaninsa ga PCR. Abin da iyali za su iya yi shi ne su tabbatar an rubuta ranar fara ciwo da ranar ɗibar jini da lambar wayarsu daidai a takardar, su kuma tambayi wanda za su nema idan sakamako ya dawo.

Shawara tana da nata tsari. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suke bi ita ce duk wanda ya yi zazzaɓi kwatsam, sannan idonsa ya yi ruwan ɗorawa cikin kwana 14 daga fara ciwo, a ɗauke shi a matsayin wanda ake zargin yana da shawara, a ɗebi jininsa, a sanar da hukuma. A nan katin rigakafi yana da matuƙar muhimmanci, domin allurar tana sa jiki ya ƙera IgM irin wanda cutar take sawa, kuma sinadaran kariya na shawara da dengi da zika da Yammacin Nilu suna rikita gwaji saboda ƙwayoyin dangin juna ne. Shi ya sa sakamakon IgM na farko ba ya zama hukunci sai an aika jinin babban ɗakin gwaji, irin na cibiyar Pasteur a Dakar, an yi gwajin da yake bambance su. Ya kamata kuma a tuna cewa ba kowane ido mai ruwan ɗorawa ne shawarar sauro ba. Ciwon hanta nau'in E da ya ɓulla a jihar Difa a 2017, wanda ya fi yi wa mata masu ciki illa, ta gurɓataccen ruwa yake zuwa, kuma palu mai tsanani da sikila da ciwon hanta nau'in B duk suna canza launin ido. Tsayawa a gida ana shan jiƙon shawara yana cinye kwanakin da gwaji zai iya amfani.

A zazzaɓin kwarin Rift, bincike yana tafiya ta ɓangare biyu, na mutane da na dabbobi, don haka a sanar da ma'aikatan kiwo su ma su ɗebi jinin garke, wanda ake aikawa babban ɗakin gwajin dabbobi na LABOCEL a Yamai. Jinin mara lafiya yana da haɗari ga mai ɗibar sa, wannan wani dalili ne na faɗin gaskiya tun farko. Wanda ya warke kuma ya lura da idonsa da ƙwaƙwalwarsa, domin a cikin ƴan kaɗan cutar tana taɓa ganin ido bayan mako 1 zuwa 3 da fara ciwo, ko ta taɓa ƙwaƙwalwa bayan mako 1 zuwa 4. Zika ana neman ta a jini da fitsari, kuma a fitsari tana daɗewa har kimanin mako biyu. Zazzaɓin Yammacin Nilu kuwa, idan ya kai ga sanƙarewar wuya ko ruɗewa ko shanyewar gaɓa, ana neman IgM ɗinsa a jini da ruwan laka, wanda ta haka ne ma ake bambance shi da sanƙarau.

Idan gwajin farko bai yanke hukunci ba, likita yana iya neman a sake ɗibar jini bayan kwana 10 zuwa 14, domin a gwama yawan sinadaran kariya na farko da na biyu. Mutane da yawa ba sa komawa saboda sun ji sauƙi. Ina roƙon a koma, domin wannan jinin na biyu shi ne sau da yawa yake nuna wa hukuma cewa cuta ta shigo unguwa.

Kafin sakamako ya dawo

Sakamakon PCR yana iya ɗaukar kwanaki, na tabbatar da shawara kuma makonni, kuma jinya ba ta jiran takarda. Babu wani magani da yake kashe ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi, abin da yake ceton rai shi ne kula. Domin zazzaɓi da ciwon jiki, parasitamol kaɗai za a sha, gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya ƙayyade, ba tare da ƙari ba, saboda yawansa yana cutar da hanta. A guji asfirin da ibuprofen da diklofenak har sai an tabbatar ba dengi ba ne, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. A yi hattara da haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon jiki da ake sayarwa a bakin titi da tasha, domin da yawansu suna ɗauke da waɗannan magunguna. A yawaita sha: ruwa mai tsabta, ruwan gishiri da sukari na asibiti, kunu mai ruwa, romo. Fitsari shi ne ma'auni, wanda ya yi awa 6 bai yi fitsari ba yana buƙatar a kai shi asibiti.

Abin da ya fi yaudarar iyali a dengi shi ne saukar zazzaɓi. Tsakanin rana ta 3 da ta 7 jiki yakan yi sanyi, kowa ya ce an samu lafiya, alhali awa 24 zuwa 48 da suke biye da saukar zazzaɓin su ne mafi haɗari. Wanda ya warke da gaske yakan nemi abinci, ya tashi zaune, fuskarsa ta saki. Wanda cutar take tsananta masa kuwa zai yi ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko jini daga dasashi ko hanci, ko baƙin kashi, ko numfashi sama-sama, ko tsananin kasala ko rashin natsuwa, hannuwa da ƙafafu su yi sanyi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, a tafi asibitin da yake da gado da ƙarin ruwa a take, ko da tsakar dare ne, a tafi da duk takardun gwajin baya. Shawara ma tana da irin wannan lafawa: bayan kwana 3 ko 4 ciwo yakan yi sauƙi, sannan a cikin wasu kaɗan ya dawo cikin awa 24 da ruwan ɗorawa a ido da baƙin amai, kuma kusan rabin waɗanda suka shiga wannan mataki suna rasuwa cikin kwana 7 zuwa 10. Jarirai da tsofaffi da masu ciki da masu sikila da masu ciwon sukari bai kamata a yi jinyarsu a gida ba sai da izinin likita.

A makon farko na ciwo mara lafiya ya kwanta cikin gidan sauro har da rana, domin a lokacin ne sauron da ya cije shi yake ɗaukar ƙwayar ya kai wa sauran mutanen gida. Sauron Aedes ba ya yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi, kuma ruwa mai tsabta da aka ajiye yake so, saboda haka idan an samu mai dengi ko cikungunya a gida, a fara bincike daga tsakar gidan: randa da tulu da ganga da jarkar da ba ta da murfi, kaskon ruwan kaji da tantabaru, tsofaffin tayoyi, gwangwanaye, da tiren na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, don haka a zubar da ruwan sau ɗaya a mako. Zubarwa kaɗai ba ta isa ba, sai an goge cikin mazubin da soso, domin ƙwan yana manne a jikin bango sama da bakin ruwa, yana kuma iya jure bushewa na watanni har ruwa ya sake taɓa shi. Abin da ba za a iya zubarwa ba a rufe shi ruf, tayoyi kuma a huda su ko a cika su da yashi, sannan a gaya wa maƙwabta na hagu da dama su yi haka a rana ɗaya.